Tafinta a Kuseri

Aikina in tsaya tsakanin baki biyu.
A dama Madam Ngono da Faransancinta,
a hagu duk wanda layi ya kawo.
Sefa dubu uku a yini,
da shayi in an tuna da ni.

Ran Talata layi ya kawo Baba Cindo,
masunci, da buhun taki a hammata,
dukiyarsa ke nan, har da buta.

Ta ce in tambaye shi inda aka haife shi.
Ya ce Tumbun Karfasa.
Ta ce wace ƙasa?
Ya ce a shekarar dai ruwa ne mai gari.
Da tafki ya ja baya wasu suka kafa tuta,
da ya dawo wasu suka zo da tasu a kwalekwale.
Hannu uku na ba haraji,
ba wanda ya tambaye ni asali kafin ya karɓa.

Ban juya mata duka ba.
Gurbi ɗaya ne a takardar,
ko sunan tsibirin ba zai ɗauka ba.

A bango an manna shirin gwamnati da launi:
dawa, gidan sauro, benci ga yaro a makaranta,
da katin da in ka nuna a bakin gada
jandarma zai mayar maka da hannu biyu.
Ba ƙarya ba ne, na ga waɗanda suka samu.
Sai dai ƙofar da yatsa ake buɗe ta.

Ya ɗora babban yatsa a gilashi. Ja.
Manuni. Ja.
Goma ɗin nan kaf muka bi.
Shekara hamsin na igiyar taru,
da gishiri, da zafin banda,
sun lashe zanen da aka haife shi da shi.
Madam ta ciro man shafawarta daga jaka
ta murza masa da kanta, yatsa yatsa,
yana kawar da kai don kunya.
Ja.

Ya dube ni ya ce, ɗana,
gaya wa akwatin ga ni zaune.

Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta.
Madam ta jawo kundin doka mai ƙura
tana lasar yatsa tana juyawa,
har can wajen ƙarshe, a ƙananan baƙaƙe:
in hannu ya ƙi, shaidu biyu sun wadatar.

Na fita baranda na ɗaga murya,
wa ya san tsohon nan?
Shiru. Kowa na tsaron wurinsa a layi.
Sai wata mai goyo ta ce, ni,
kifinsa muka ci ran sunan yayana.
Can baya wani dogo mai sanda ya taso:
Na san shi sarai!
Ina bin sa kuɗin gishiri buhu biyu
tun kafin daren da muka watse.

Layi ya fashe da dariya,
dariyar farko tun asuba.
Baba Cindo ya ce buhu ɗaya da rabi ne.
Suka rungume juna suna musu.

Madam ta ce me suke cewa?
Na ce, suna shaida.
Ta buga hatimi.
Kati sai bayan wata uku,
in Allah ya so, Yawunde ma ta so.

Da magariba na sauka bakin Logon alwala.
Fitilun Injamena na rawa a kan ruwa.
Nan ubana ya tsallako da keken ɗinki a ka,
ba wanda ya rubuta ranar.
Na daɗe ina duban tafin hannuna.
Gobe lamba ta ɗari da sha bakwai za mu fara,
wata mai wankau ce,
na riga na ga yatsunta.